Kafin a buɗe akwatin majami'a

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji ƙorafinka. Ka ce ka je gida ka nemi a buɗe maka akwatin takardun majami'armu ka ɗauki hotuna ka sa a Facebook, sai dikinoni, wato dattawan da ke taimaka wa fasto, suka ce sai an kai maganar gaban taron ikilisiya. Shi ne kake tambaya ko al'ada ce ko rowar tsofaffi. To saurara, ni ma na daɗe ina riƙe da makullin nan lokacin da nake sakatare.

Mu 'yan Baftis ba mu da bishop da zai aiko da umurni daga sama. Kowace ikilisiya ita ke yanke maganarta a taron membobi, a ɗaga hannu a ƙirga. Fasto yakan zo ya tafi, littafi yana nan. Don haka ko fasto ba shi da ikon miƙa maka shi shi kaɗai, balle dikin.

Bari in faɗa maka abin da ke ciki. Akwai littafin baftisma, amma kada ka je neman ranar haihuwar kowa a can, domin ba ma yi wa jarirai baftisma. Sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiya da bakinsa a nitsar da shi a ruwa. Kakarka da goyonta ta sauka rafi, wata ta riƙe mata yaron. Akwai littafin baiko, wato kyautar da masu bi ke kawo wa majami'a, wanda na fi so. Fam da sule da kwabo za ka gani har zuwa 1973 da naira ta shigo, a gefe kuma an rubuta damin dawa, kaza, ƙwai uku, domin da kaka abin da ke hannu shi ake kawowa. A shafukan farko za ka tarar da sunayen Yarbawa, kada ka yi mamaki. Tun 1850 Bowen, ɗan mishan na Baftis daga Amurka, ya iso ƙasarsu, a Ibadan aka kafa ƙungiyar Baftis a 1914, kuma 'yan kasuwarsu da ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka biyo dogo da ita zuwa Kaduna da Jos da Kafanchan. Daga baya ne namu suka fara fitowa daga makarantar fastoci ta Kaduna da aka buɗe a 1948. Tsofaffin da suka yi rubutun kuwa da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 suka koyi karatu, shi ya sa Hausarsu take da ƙamshinsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne littafin rahoton taro. A can ake rubuta horo. Wane an dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji saboda burkutu. Wane ya ƙara mata. Wance ta yi ciki a gidan ubanta, an mayar da ita bencin baya wata shida. Da suna, da rana, da sunan wanda ya kawo ƙara. Waɗannan mutane sun tuba, an karɓe su, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokinsu suna nan, wasu ma a ƙungiyar mawaƙa kuka tashi tare. Ka san ƙauyenmu da binciken asali idan maganar aure ta taso. Shafi ɗaya ya shiga waya, sai ka ji an fasa ɗaurin aure a kan laifin da aka yafe tun kafin a haifi amarya. Wannan dikinonin suke tsoro, ko da ba su iya faɗa maka da kyau ba.

Duk da haka ina bayanka a kan ɗaukar hoton. Mun ga majami'u da suka ƙone a 1987 da 2011, takardu suka bi hayaƙi. Namu ma gara ta taɓa cin gindin littafi guda wata damina, ni kuma da wauta na liƙe shi da salatef, yanzu wurin ya yi ja, tawadar ta bi gam ɗin. Kada ka yarda kowa ya ce a kai a rufe su da leda mai zafin nan.

Ka rubuta takarda zuwa ga sakatare a karanta ta a taro. Ka ce za ka ɗauki kowane shafi a gaban dikin biyu, a ajiye kwafi ɗaya a majami'a, ɗaya a ofishin ƙungiyar yankinmu, ɗaya nesa da gari. Na baftisma da baiko da hotunan ginin farko, a yaɗa su idan taro ya yarda. Na horo ya zauna a kulle. In kana son ganin yadda masu sana'ar suke yi, ka leƙa Gidan Arewa ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, tunda a Kaduna kake.

Kuma ka nemi tsofaffin zumuntar mata. Waƙoƙin da suke yi da yarenmu, da tulu da caki, ba a taɓa rubuta ko ɗaya ba, ga shi waɗanda suka san su duka sun ragu. Ka zo da Kirsimeti da wayarka cike da caji, in raka ka gidan Goggo, amma da hantsi, domin da yamma muryarta takan dushe.