Me ya sa sabuwar tiraka take daɗewa kafin ta kama lokeshan

Auwalu na ga saƙonka. Ka ce tirakar, wato na'urar da ke nuna inda abin hawa yake, da ka ɗaura wa Adaidaita Sahun nan fitilar GPS ɗinta ta yi ta ƙiftawa kusan minti goma ba ta tsaya ba, alhali wayarka kana buɗe taswira ta nuna ka a Farm Centre nan take, shi ne kake tambaya ko a mayar wa dila. Kar ka mayar tukunna, ni zargina ya fi karkata kan rumfar kwanon da kuka yi aikin a ƙarƙashinta.

Da farko ka cire a ranka wai tiraka tana magana da tauraron ɗan adam, ba ta ce masa komai, saurare kawai take, sim ɗin ciki shi ke kai wa mai keke labari. Shi kuma tauraron yana can sama wajen kilomita 20,200, kafin siginarsa ta iso Kano ta yi laushin da hayaniyar da ke cikin kayan lantarkin tirakar ma ta fi ta ƙarfi. Abu uku ne aka ɗora kan juna a siginar nan. Akwai igiyar rediyon da ke ɗauke da kayan, ta farar hula sunanta L1, a kan megahaz 1575.42. A kanta akwai kod, a kan kod ɗin kuma akwai saƙo.

Kod ɗin nan shi ne inda dabarar take. Duk taurarin GPS a tasha ɗaya suke watsawa lokaci guda, ba kamar gidajen rediyon garin nan da kowa da mitarsa ba, to ya ba sa cakuɗewa? Kowanne an ba shi jerin sifili da ɗaya nasa na kansa, guda 1023, yana karanto su ya ƙare cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan ya sake daga farko, sau dubu kenan a sakan ɗaya ba hutu. Wani masani Robert Gold ne ya fito da lissafin irin jerin nan a 1967, an tsara su yadda na wannan tauraron ba ya kama da na wancan ko kusa. Ka tuna makarantar allo, yara hamsin kowa na rera nasa da ƙarfi, kai mai wucewa hayaniya kawai kake ji amma malam yana zaune zai tsinto muryar yaro ɗaya har ya gyara masa wasali, don ya riga ya san abin da ke allon yaron. Haka tiraka take yi, ta haddace kod ɗin kowane tauraro, sai ta ƙirƙiro kwafinta ta yi ta matsar da shi gaba kaɗan kaɗan tana gwadawa da abin da eriya ta jiyo, inda suka hau kan juna daidai sai siginar ta fito fili daga cikin hayaniya. Kuma yawan matsarwar da ta yi shi ke gaya mata jinkirin da siginar ta yi a hanya, daga jinkiri ta fitar da nisa. Ɗigo ɗaya na kod ɗin tsawon mita 293 ne a tafiyar haske, tana auna ɗan gutsurensa ne shi ya sa ake samun kuskuren 'yan mitoci kawai. Ga wani ƙarin aiki, tauraron gudu yake kusan kilomita huɗu a sakan, saboda haka tashar tana ɗan gocewa sama ko ƙasa har wajen kilohaz biyar, dole ta laluba nan ma. Sabuwa fil daga kwali ba ta san ƙarfe nawa ba, ba ta san a Kano take ko a Chana ba, kowane tauraro take nema.

To ta kama murya, saura ta ji me ake cewa, nan ne haƙurin yake. Saƙon bit 50 ne kacal a sakan, wato sifili ko ɗaya guda 50, wallahi hoto ɗaya na WhatsApp sai ya kwashe awanni a wannan gudun. An yanka shi shafi shafi, kowane shafi bit 1500 sakan 30, cikinsa gida biyar kowanne sakan shida, kuma kowane gida da 10001011 yake buɗewa don na'ura ta gane bakin zaren. Gida na ɗaya labarin agogon tauraron ne da lafiyarsa da lambar mako. Na biyu da na uku su ne zuciyar abin, cikakken bayanin hanyar da shi wannan tauraron yake bi, wanda da shi ake lissafa inda yake a daidai wannan sakan. Na huɗu da na biyar jadawalin sauran 'yan uwansa ne sama sama da gyaran jinkirin sararin sama, shi wannan sai an yi shafi 25 yake cika, minti sha biyu da rabi.

Ba sai ta jira jadawalin duka ba kafin ta ba da lokeshan, amma gida na ɗaya zuwa na uku dole ta karance su tsaf daga tauraro huɗu aƙalla. Huɗu saboda agogon tiraka na araha ne, na taurarin kuwa na atom ne, kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na sakan mita 300 ne a ƙasa, na huɗun shi ke gyara mata agogo. A fili ba abin da ya tare sama, minti ɗaya ya ishe ta yawanci. Amma a ƙarƙashin kwano tsakanin benaye, tana cikin karatu sigina ta yanke, bit kaɗan suka zube, gidan ya lalace sai ta jira ya zagayo bayan sakan 30, ya sake yankewa ta sake jira, ka ga inda minti gomanka ya tafi.

Wayarka kuwa satar amsa take. Bayanin hanyar taurarin ta intanet take sauke shi cikin ƙiftawar ido, ga turakun sabis da wayfay sun riga sun raɗa mata unguwar da take, sannan yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin wasu ƙasashen, irin su GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Chana. Wasu tirakocin ma suna da wannan taimakon idan akwai data a sim, don haka duba ko ka saka mata.

Bayanin hanyar nan kamar awa huɗu yake yi ya tsufa, shi ya sa keken da ya kwana a gareji mai rufin kwano da safe sai ya ɗan yi jinkiri, ka riƙa faɗa wa kwastoma tun kafin ya kira ka yana faɗa. Af, lambar makon nan ma bit goma aka ba ta, tana kaiwa 1024 take komawa sifili, ya faru a Afrilun 2019, in ka ga tsohuwar tiraka tana rubuta shekarar 1999 to ciwon kenan, ba batir ba ne.

Gobe ka tura keken fili, ka tabbatar farar eriyar nan mai kusurwa huɗu fuskarta sama take kallo, roba da soso ba sa tare ta amma ƙarfe yana tarewa, kuma ka nisanta ta da cajar waya ta arahar nan da direbobi ke jonawa don wasunsu hayaniyarsu tana danne sigina. Ka ba ta minti sha biyar a kunne ba motsi. In fitilar sabis ta tsaya ta GPS ba ta tsaya ba, buɗe ka duba dalmar ƙafar eriyar, in ita ma lafiya lau ce kawo min ita shago da rasit ɗinta mu je wajen dilan tare.