Yadda wanda ya gama jami'a zai taimaki ɗalibai masu son aikin gwamnati

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka ba da lokacinka kyauta ga ɗaliban da ke son shiga aikin gwamnati. Nemi ƙungiyar tsoffin ɗaliban sashenku, ka ɗauki ɗalibi biyu ko uku 'yan aji uku. Wanda ya kwashi goma yakan watsar kafin zango ya ƙare. Awa ɗaya a wata ta wadatar, ko ta WhatsApp ce.

Aikin da ya fi amfani a ganina shi ne duba takardu. Sau da yawa ba jarrabawa ke kayar da mai nema ba, saɓanin suna ne ko ranar haihuwa tsakanin sakamakon WAEC, lambar NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ko harafi ɗaya kan jawo matsala wajen tantancewa, gyaran kuma yana iya cin watanni, don haka a fara tun kafin bautar ƙasa.

Sai ka zaunar da su gaban kwamfuta su saba da jarrabawar da ake ƙayyade wa lokaci, ka koya musu rubuta wasiƙar ofis da taƙaita rahoto a shafi ɗaya. Su san cewa a gwamnatin tarayya yawancin masu digirin farko suna farawa ne a matakin albashi na 8, kuma sai sun yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da su.

Kada ka yi wa kowa alkawarin gurbi. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya kan tallata guraben a fili, don haka ka gargaɗe su kada su ba kowa kuɗi don sayen takardar kama aiki, yawanci ta bogi ce.