Amsar tambayar Kawu kan kuɗin taimakon Nasara

Kawu, ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, ku da mutanen gida duka a Birni. Saƙonku ya iso. Kun ce kullum rediyo na cewa Faransa tana taimakon ƙasashen talakawa, to me ya sa mu 'yan Damagaram da ke birnin Liyon na Faransa muke ta karo-karo kamar marayu, ba mu je mu karɓo kasonmu ba?

Kuɗin nan ba a damƙa wa mutum a hannu, Kawu. Gwamnati ce ke ware shi, wani ya bi ta hukumarsu ta raya ƙasashe, AFD, wani ta Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da rediyo ba ya faɗa kuma, da yawa daga abin da AFD ke bayarwa rance ne mai sauƙin biya, ba sadaka ba. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ba da kashi 0.7 cikin ɗari na abin da suke samu. A lissafinmu na Kasuwar Dole, cikin kowace jaka ta sefa, dala ɗaya da 'yan kai ke nan, wato sefa bakwai. A 2021 Faransa ta yi doka cewa za ta yi ƙoƙarin kai wa haka a 2025. Shekarar ta zo ba a kai ba, ragewa ma aka yi.

Ni ma fa ina cikin masu biya. A 2006, zamanin shugaba Shirak, aka ɗora haraji a kan tikitin jirgin da ya tashi daga Faransa don sayen magunguna a ƙasashen talakawa. Duk zuwan da nake yi gida, da shi nake zuwa.

Amma kun ga abin da ya faru. Sojoji suka karɓi mulki ran 26 ga Yulin 2023, kwana uku bayan nan Faransa ta dakatar da taimakon raya ƙasa ga Nijar. Matar da ke tura kurar ruwa a Kara-Kara ba da ita aka yi shawara ba, a Yamai ko a Paris.

Shi ya sa muke da namu asusun. Lahadin farko ta kowane wata muna haɗuwa a gidan wanda zagaye ya faɗo kansa. Mata su tuƙa tuwo, a ɗora shayi, ma'aji ya buɗe wani littafi da bangonsa ya sha maiƙo, kowa ya aje yuro 20, wajen jaka 13. Wanda ya rasa aiki ba a kiran sunansa, a tsallake kawai. Rabin kuɗin na gawa ne, don wanda ya rasu a nan a kai shi gida in iyalinsa sun so. Rabin kuma na hatsi ne, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba.

Sai dai ba zan ɓoye muku aibinmu ba. Nasara siyasa ke jan kuɗinsu, mu dangi ke jan namu. Bara muka ce mu haƙa rijiya, ɗan Mirya ya ce ƙauyensu, ɗan Matamai ya ce nasu, ni ma na ja wajenmu. Har sha biyun dare muna abu ɗaya, shayi ya huce, ba a haƙa ko taki ɗaya ba. Wanda ba shi da ɗa a waje, babu mai ja masa.

Don haka bana muka ce liman da mai unguwa su zaɓi gidajen da za a kai wa hatsi, ku kuma ku sa ido. Don Allah kada a sa gidan Goggo, ni zan aika mata daga aljihuna.