Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Naitirojin Ke Dagula Cire Salfa Daga Man Dizal?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniyancin sinadarai a Zariya. An koya mana cewa naitirojin da ke cikin man dizal bai kama ƙafar salfa ba wajen yawa, amma kuma an ce shi ne ke hana ruwa gudu idan matata ta zo cire salfa. Yaya abu kaɗan zai tsayar da babban aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗalibi. Salfa, wato farar wuta, ana cire shi ne ta hanyar haɗa man da iskar haidirojin a cikin wata katafariyar tukunyar ƙarfe mai zafin digiri 300 zuwa 400 a ma'aunin Salsiyos, tare da matsi mai yawa. Cikin tukunyar cike yake da katalis, wato ƙwayoyin alumina da aka ɗora musu molibdinom haɗe da kobal ko nikel, kuma a jikinsu ne salfa ke rabuwa da mai ya fita a matsayin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sai dai ba dukkan jikin katalis ne ke aiki ba. Wasu 'yan gurabe ne ƙididdigaggu a gefen sassan molibdinom ɗin, kuma duk ƙwayar sinadarin da ke cikin man da ke son a yi mata aiki dole ta sami gurbi ta zauna.

A nan naitirojin yake shigowa. Sinadaransa irin su kwinolin da akiridin suna manne wa waɗannan gurabe da ƙarfin da ya fi na sinadaran salfa nesa ba kusa ba, kuma idan sun zauna ba sa saurin tashi, domin ba a iya ɓalle naitirojin daga zoben kabon da yake ɗaure a ciki sai an fara ƙosar da zoben da haidirojin, aikin da ke cin lokaci. Kwatanta da bakin rijiya mai ɗaukar mutum huɗu kawai: idan uku suka kafe da manyan tuluna, ɗaruruwan da ke bayansu sai haƙuri, duk da cewa su ne mafi yawa. Wasu sinadaran naitirojin, indol da kabazol, ba su da wannan ƙarfin mannewa da farko, amma da zarar sun sha haidirojin sai su rikiɗe su koma masu mannewa. Ita ma amoniya, iskar da naitirojin ke komawa a ƙarshe, tana rage aikin, ko da yake ba kamar su ba.

A da, lokacin da doka ta yarda da salfa mai yawa a dizal, wannan bai tayar wa kowa hankali sosai ba, saboda salfa mai sauƙin fita yana fita ko da naitirojin na nan. Amma Amurka ta sauko da iyakar dizal ɗin ababen hawa zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006, Tarayyar Turai ta kai kashi 10 a 2009, ƙasashen ECOWAS kuma suka amince da kashi 50 a 2020. Domin kai wa wannan mataki sai an taɓo mafi taurin kan sinadaran salfa, musamman wanda ake taƙaita sunansa 4,6-DMDBT, wanda rassan metil biyu, wato ƙananan rassan kabon da haidirojin, suka yi wa salfansa garkuwa ta yadda ba ya iya kusantar katalis kai tsaye. Hanyar da ta fi yi masa aiki ita ce a fara ƙosar da zobe guda da haidirojin, ƙwayar ta lanƙwashe, salfan ya bayyana. To, gurabe masu wannan aiki su ne ainihin waɗanda naitirojin ya fi mamayewa. A ganina wannan ne zuciyar tambayarka, kuma shi ya sa ko ɗan ragowar naitirojin yana iya hana salfa na ƙarshe fita har sai an kusa gamawa da naitirojin ɗin.

Matatu suna da dabaru, kowacce da farashinta. Ƙara zafi ne mafi sauƙi, amma yana gaggauta taruwar baƙin gawayi a jikin katalis ya rage masa kwana, kuma idan zafin ya wuce kima ƙosar da zobe da haidirojin yakan fara ja da baya. Saboda haka masu isasshen matsi sukan zaɓi katalis mai nikel, wanda ya fi na kobal iya kawar da naitirojin, ko su jera iri biyun a tukunya ɗaya, ko su raba aikin gida biyu su zare amoniya a tsakani. Akwai kuma wata wahala da ɗalibai kan manta: amoniya da iskar salfa suna haɗuwa idan sun huce su zama gishirin da ke toshe bututu yana cin ƙarfe, dole a riƙa wanke shi da ruwa.

Idan ka je horon aiki, ka lura da ranar da aka gauraya dizal ɗin da ya fito daga sashen fasa mai nauyi da wanda aka tato kai tsaye daga ɗanyen mai. Na farkon ya fi yawan naitirojin, kuma za ka ga masu kula da tukunya sun ɗaga zafinta domin salfan da ke fita ya tsaya cikin iyakar doka.