Kun Tambaya, Mun Amsa: Karatun da Ke Kai Mutum Aikin Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Walwalar Jama'a

Wasiƙun wannan fitowa duk daga Katsina da Daura da kewaye suka zo, kuma kan abu guda suka taru. Mun taƙaita su, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Na gama sakandare a Daura. Ina da kiredit shida har da Ingilishi da Lissafi, amma ba ni da Fiziks da Kemistiri. Ina son aikin taimakon masu taɓin hankali. An ce mini sai na yi likitanci. Haka ne?
Ɗaliba, Daura

Ba haka ba ne, 'yarmu. A asibitin ƙwaƙwalwa mutum huɗu ne ke haɗuwa kan majinyaci ɗaya, kowa da karatunsa da iyakar aikinsa. Sai ki fara tsayar da wanda kike so ki zama a cikinsu kafin ki cike fam ɗin JAMB, don yawancin masu nadama sun zaɓi kwas ne saboda daɗin sunansa.

Na farko likitan ƙwaƙwalwa, mai gano cuta da rubuta magani. Shekara 6 na digirin likita, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, bautar ƙasa, sannan aƙalla shekara 4 na ƙwarewa. Na biyu nas ɗin ƙwaƙwalwa. Waɗannan biyun dole sai da kiredit a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, don haka a yanzu ƙofarsu a rufe take gare ki, sai dai in za ki sake zama jarrabawa. Galibin makarantu na yarda a haɗa sakamakon zama biyu, misali WAEC da NECO, ko da yake wasu jami'o'i ba sa karɓar haka a likitanci.

Sauran biyun a buɗe suke. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, wanda maganinsa zama ne da tattaunawa da gwaje-gwajen tunani, ba ya rubuta ƙwaya. Digirin farko na saikoloji shekara 4 ne, amma shi kaɗai bai isa ya zaunar da ke gaban majinyaci ba. Sai kin ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti, sannan ki yi horon aiki a asibitin ƙwaƙwalwa a hannun wanda ya riga ki. Jami'ar Jos na cikin tsofaffin wuraren da ake wannan karatu a Arewa. A nan mutane da dama ke tuntuɓe: ilimin halayya da ake koyarwa a tsangayar ilimi, irin na Zariya da Kano, na malanta ne da ba ɗalibai shawara. Karatu ne mai daraja, sai dai makaranta yake kai mutum, ba ɗakin majinyata ba.

Na huɗu jami'in walwalar jama'a, wanda mutanenmu ke kira ɗan walfiya. Shi ke bin majinyaci har gida, ya gano ko akwai mai ba shi magani kan lokaci, ya sasanta da mijin da ya ce ba zai karɓi matarsa ba, ya nemo dangin wanda aka tsinta a tasha, ya rubuta rahoto ga kotu kan yaron da ake rigimar riƙonsa. Digirin wannan aiki kai tsaye akwai shi a jami'o'i irin su Nsukka da Ilorin da Benin. A kusa da gida, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma suna da soshiyoloji, wanda maƙwabcinsa ne. Ta ɓangaren foliteknik kuma akwai difloma a fannin ci gaban al'umma, kamar wadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana yi: shekara 2 na ƙaramar difloma, shekara 1 ta aikin gwaji, shekara 2 na babba.

Darussan da za ki haɗa a JAMB sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Wata tana neman Bayoloji a saikoloji, wata ba ruwanta. Ki buɗe kundin JAMB na shekarar ki karanta layin makarantar da kanki. Kada ki bar wa yaron shagon intanet, don kuskuren darasi ɗaya kan sa a ƙi mutum ko makinsa ya kai 250.

Ni nas ce mai rijista, shekara uku ina aiki a wani babban asibiti a Katsina. Yaya zan koma ɓangaren ƙwaƙwalwa? Kuma gaskiya ne wai mai wannan aiki shi ma yakan taɓu?
Malamar jinya, Ƙofar Ƙaura

Malama, hanyarki ta fi ta kowa gajarta. Akwai makarantun ƙarin ƙwarewa a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya, irin su na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. Kwas ɗin kan ɗauki wata 18, a ƙarshe ki zauna jarrabawar Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Ƙasa, a ƙara miki rijistar nas ɗin ƙwaƙwalwa (RPN) a kan rijistar nas (RN) da kike da ita. Za a nemi takardar rijistarki, lasisin da bai ƙare ba, kiredit biyar na kimiyya, da takardar sakin aiki. Abu biyu ke yawan kayar da masu nema: lasisi ya mutu ba a sabunta ba, ko kuma a tafi karatu kafin izini ya fito a rubuce, a dawo a tarar an tsayar da albashi. Ki shigar da buƙatar hutun karatu tun kafin a fara sayar da fam.

Abin da za ki koya ya wuce ba da allura. Za ki iya gwajin yanayin hankali, wato lura da shigar mutum, maganarsa, yadda tunaninsa ke tafiya, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya san inda yake da ranar da ake ciki. Za ki san illolin magunguna irin su halofaridol, waɗanda kan sandarar da wuya ko su juya idanu sama, har dangi su ce aljanu sun dawo alhali maganin ne, kuma akwai makarinsa. Za ki koyi kwantar da wanda ya harzuƙa da baki tun kafin a kai ga riƙe shi, da yadda ake tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ita ce ke buɗe bakinsa.

Batun taɓuwa kuwa, taɓin hankali ba ya yaɗuwa kamar mura. Abin da ke akwai shi ne gajiyar zuciya, kuma tana kama nas ɗin ɗakin haihuwa ma.

Wata cibiya ta ce za ta ba ɗana difloma a aikin ba da shawara cikin wata shida, ranakun Asabar da Lahadi. Kuɗin ba kaɗan ba ne. In biya?
Mahaifi, Mashi

Alhaji, a dakata tukuna. A tambaye su abu uku. Wace hukuma ce ta tantance wannan kwas ɗin, ba makarantar kawai ba? Digiri na hukumar jami'o'i NUC ne, diflomar ƙasa ta hukumar ilimin fasaha NBTE ce, takardar malanta ta NCE kuma ta hukumar kwalejojin ilimi NCCE, kuma kowace tana wallafa jerin kwasa-kwasan da ta amince da su. Ta hannun JAMB ake ba da gurbin? In ba ta nan aka shiga ba, za a sha wahala wajen bautar ƙasa da ɗorawa zuwa digiri. Na uku, a ina ɗalibai ke aikin gwaji, wa ke duba su?

Diflomar ƙasa ba ta yiwuwa a wata shida. Abin da za a ba shi takardar halarta ce, tana iya ƙara wa mai aiki sani, amma hukumar ɗaukar ma'aikata ba za ta ɗora shi kan mataki da ita ba. A tsarin gwamnati mai ƙaramar difloma kan fara a mataki na 6, mai NCE na 7, mai digiri ko babbar difloma na 8. Kuma tun 2022 aka sa hannu kan dokoki biyu, ɗaya ta kafa majalisar masu aikin ba da shawara, ɗaya ta masu aikin walwalar jama'a. Ma'anarsu ita ce aikin ya kama hanyar zama na masu rijista, don haka takardar da ba ta da tushe darajarta raguwa za ta yi ta yi.

Na gama soshiyoloji, na yi bautar ƙasa, amma duk inda na nemi aikin walwala sai a ce ba ni da gogewa. Me ya rage?
Matashi, Sabuwar Unguwa, Katsina

Abin da suke nufi, ɗan'uwa, shi ne soshiyoloji ya koya maka fahimtar al'umma, bai koya maka riƙe fayil ɗin mutum ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Aikin yana da matakai sanannu: karɓar bayanin farko tare da neman yardar mai shi, tantance halinsa da na gidansu, tsara abin da za a yi da wanda zai yi da lokacin da za a yi, tura shi inda ya dace, bibiya, sannan rufe fayil. A hira da wannan ake gane wanda ya taɓa yi. Za a ce maka ga yarinya 'yar shekara 13 an kawo ta da ciki, me za ka fara yi? Wanda ya ce zai kira mahaifinta nan take ya faɗi, don bai tsaya ya gano ko a cikin gidan matsalar take ba.

Ka nemi wata shida zuwa shekara na aikin sa-kai a inda akwai ƙwararren da zai duba rubutunka ya sa hannu. Sashen walwala na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga, ofishin walwala na ƙaramar hukuma, ko ƙungiyoyin agaji da ke aiki da yara masu tamowa da mutanen da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a yankunan Jibiya da Batsari, duk wuraren koyo ne. Ka riƙe littafin aiki: kwanan wata, irin matsalar, abin da ka yi, ba tare da sunan kowa ba. Ka karanta dokar kare yara ta Jihar Katsina ta 2020 da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019. Daga nan ka ɗora difloma ta gaba da digiri ko digiri na biyu a aikin walwala. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta buɗe ɓangaren hukuncin da ba na ɗauri ba, wanda ke buƙatar masu bibiyar mai laifi a cikin gari.

Gargaɗi ɗaya, tunda garinmu kowa ya san kowa: sirrin da ka fitar a majalisar shayi, ko hoton majinyaci da ka ɗora a Facebook da sunan neman taimako ba da izininsa ba, ya isa ya kashe maka aikin gaba ɗaya.

Mu matasan unguwa muna son buɗe wurin gyaran masu shaye-shaye. Wane horo muke buƙata?
Shugaban wata ƙungiya, Daura

Niyyar ta yi kyau, kuma buƙatar a fili take. Binciken ƙasa na 2018 da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Amma kada ku fara da wurin kwana. Raba mutum da ƙwaya aikin asibiti ne. Wanda ya daɗe yana shan dayazefam ko roci, in aka yanke masa rana ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga har ya rasa ransa, shi ya sa ake rage masa kaɗan-kaɗan a hannun likita. Taramol mai yawa shi kansa yana kawo jijjiga. Mai kodin kuwa zai yi kwanaki yana gudawa da amai da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, kuma bayan ya bari jikinsa ba ya ɗaukar adadin da ya saba, don haka komawar farko ita ce mafi haɗari. Ga kuma waɗanda shaye-shayen ke lulluɓe da wata cutar ƙwaƙwalwa a ƙarƙashi.

Mutanen Daura da Katsina ba su manta gidajen marin da 'yan sanda suka buɗe a watan Oktoban 2019 ba, inda aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Da yawan iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara suke nema, rashin wurin kirki ne ya kai su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta shimfiɗa sharuɗɗan kwantar da mutum ba da son ransa ba, kuma ba hurumin ƙungiyar unguwa ba ne.

Inda za ku yi tasiri shi ne kafin asibiti da bayansa: gano mai matsala da wuri, shawo kan iyaye, raka shi wurin likita, zaman mako-mako bayan an sallame shi, da haɗa shi da sana'a. Ku tura mutum biyu ko uku su yi horon UTC, manhajar kula da masu shaye-shaye da ake koyarwa kashi-kashi a ƙasashe da dama har da Najeriya. Ku je sashen ba da shawara na ofishin NDLEA na jiha, ku kuma samu nas ɗin ƙwaƙwalwa ko likita guda da zai riƙa duba aikinku.

Ina karatun CHEW, wato na ma'aikacin lafiyar al'umma, a Kankiya. Akwai rabona a wannan fanni?
Ɗalibi, Kankiya

Akwai, kuma babba, don mai farfaɗiya ko matar da hankalinta ya gushe bayan haihuwa asibitin ƙauye ake fara kai su. Ka gama shekara 3 ɗinka, ka karɓi lasisi, sannan ka nemi horon mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka tsara tun 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Na kwanaki ne, yana koyar da gane ciwon damuwa, gushewar hankali, farfaɗiya, shaye-shaye da haɗarin kashe kai, da sanin wanda za ka riƙe da wanda za ka tura gaba a ranar.

Kuɗin makaranta fa?
Masu tambaya da dama

Asusun NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ana neman lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibi, kuma sai makarantar ta riga ta tura sunanka. A haɗa da tallafin karatu na jiha. A lissafin kuma a sa kuɗin mota da masauki na watannin aikin gwaji, musamman in Kaduna ko Kware za a tura ɗalibi, don wannan ba ya cikin kuɗin rijista.