Kawu, ga gaskiyar zancen kwafin mutum a Ingila

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da su Inna da yara baki ɗaya. Saƙon muryar da kuka turo ya same ni a bakin aiki, kuma sai da na saurare shi sau biyu, don dariya ta hana ni ji da farko. Wai a majalisarku ta ƙofar gida an ce a Ingila mutum kan shiga asibiti a yanki tsokarsa a buga masa wani irinsa sak, mu kuma da ke zaune nan mun yi gum saboda mun saba. Ku gaya musu 'yarku ta shekara ashirin a Manchester, ba ta taɓa cin karo da kwafin kowa ba.

Amma zancen yana da tushe, tushen kuwa tunkiya ce. A 1996, a cibiyar Roslin kusa da Edinburgh, Ian Wilmut da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya, suka sa ta cikin ƙwan wata da aka kwashe abin da ke cikinsa, suka dasa a mahaifar ta uku. Ba rago a maganar. Sau 277 suka gwada, ɗaya tak ta rayu, ita ce Dolly, ta kuma mutu a 2003 da ciwon huhu. Na kai yara sun gan ta a gidan tarihin Edinburgh, an cusa fatarta an tsayar cikin akwatin gilashi. Autana ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ni ko da tana da rai za a iya layya da ita. Har yau ban ba shi amsa ba.

Tsoron da tunkiyar nan ta jefa wa mutane ya sa majalisar dokoki ta yi doka a 2001: duk wanda ya dasa kwafin ɗan'adam a mahaifar mace, ɗaurin da zai iya kai shekara 10 yana jiransa. Dama tun kafin nan suna da hukuma mai suna HFEA, wadda ta fara aiki a 1991. Babu asibitin dashen ciki (wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a kwalba a dasa a mahaifa) ko ɗakin bincike da zai taɓa ƙwan ɗan'adam sai da lasisinta. Asalinta kuwa nan kusa da mu ne, a Oldham, inda aka haifi jaririyar farko ta dashen ciki a 1978. Kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Mary Warnock ya zauna a kan lamarin, ya fito da ƙa'ida a 1984: ƙwan da aka haɗa a kwalba ba zai wuce kwana 14 a hannun masu bincike ba.

To ga inda ya kamata ku buɗe kunne, don a nan dokarsu ta rabu da abin da muka yarda da shi. A farkon kwanakinsa, ƙwan nan yana ɗauke da abin da zan kira ƙwayoyin tushe, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, suna iya zama jini ko jijiya ko tsoka. Su masu bincike ke nema. Dokar Ingila ta yarda a haɗa ƙwai musamman don bincike, har a yi masa irin dabarar Dolly, muddin ba za a dasa shi ba. Jami'ar Newcastle ce ta fara samun wannan izini a 2004. Najeriya kuwa ta rufe ƙofofin biyu: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kwafin ɗan'adam, na haihuwa da na magani, da ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba. Ina jin a majalisarku ba wanda ya san da ita.

Mu nan abin da malamanmu ke karanto mana fatawa biyu ce. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta haramta kwafin mutum a 1997. Ta Makka kuma, a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe idan daga halal suka fito: jikin baligi da yardarsa, igiyar cibiya da mabiya da yardar iyaye, ko ƙwan da ya yi saura bayan dashen ciki na ma'aurata. Haɗa ƙwai da gangan don a lalata shi, wannan ta ce a'a.

Inda abin ke zuwa mana har gida shi ne takardar asibiti. Wata ƙawata, ita da mijinta duk AS ne, ɗansu na fari sikila ne. Suka nemi dashen ciki, inda ake gwada ƙwai kafin a dasa, a zaɓi wanda ba SS ba. Doka ta yarda da wannan, amma ta hana zaɓen namiji ko mace don son rai kawai. Bayan ta haihu sai aka miƙo musu fom a kan sauran ƙwai ukun da ke cikin ƙanƙara: a ci gaba da ajiya, a zubar, a bayar don bincike, ko a ba wasu ma'auratan da ba su samu haihuwa ba. Na ƙarshen nan ban taɓa jin ɗaya daga cikinmu ya sa wa hannu ba, saboda nasaba. A kan na binciken kuwa, an kusa raba zumunci a wajen walima. Wani ya kawo hadisin busa rai bayan kwana 120, wata ta ce ko ba rai ai jininta ne. Takardar ta yi wata biyu a kan firij ɗinsu. Daga ƙarshe suka biya kuɗin ajiya, suka ɗage maganar. Ni dai da ni ce da na bayar, amma ban faɗa mata ba.

Maganar mabiya ta fi sauƙi. Har yanzu muna binne ta kamar yadda ungozoma ke yi a gida, asibiti kan ba ka ita a roba idan ka nema. Ta autana, babansa ya haƙa rami a bayan gida cikin sanyin Janairu, ƙasa ta daskare kamar dutse, ya ɗora bulo a kai saboda dila, don a garin nan yawo suke da dare kamar kyanwa. Abin da ya ƙaru shi ne wasu asibitocin kan roƙi a bari su zuƙe jinin igiyar cibiya bayan an yanke ta. Wannan jinin cike yake da ƙwayoyin tushe, ana ajiye shi don masu sankarar jini da ire-irensu. Da, matanmu ƙi suke yi, wai ba a san inda za a kai shi ba. Yanzu da yawa suna bayarwa, tun da muka gane cewa dacewar ɓargo tana bin asali, kuma baƙar fata sun yi ƙaranci a rajistar masu bayarwa. Yaronmu kan daɗe yana jira ba a samu wanda ya dace da shi ba.

Na san abin da ya sa tambayar ta dame ku, jikanku ne mai sikila. Dashen ɓargo yana warkar da ita, an fi samun nasara idan ɗan'uwa na ciki ɗaya ya dace, kuma an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin tun 2011. A nan kuma, a Nuwamban 2023 aka amince da wani magani, Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin tushe daga jinin majiyyacin kansa, a gyara, a mayar masa. Babu ƙwai, babu kwafi. Sai dai kuɗinsa ya haura fam miliyan ɗaya da rabi ga mutum guda, kuma sai mai shekara 12 zuwa sama wanda ciwon ya tsananta.

Shi ya sa garin maganin da kuka ce ana talla a waya da sunan ƙwayoyin tushe, don Allah kada ku sayar da ko akuya a kansa. Ƙwayar tushe abu ne mai rai, ta jijiya ake ƙara ta a asibiti, ba a kaɗa ta a kofi. Ku ce wa Yaya ya ɗauki hoton takardun asibitin yaron da sakamakon gwajin jinin ƙannensa biyu ya turo mini kafin Juma'a, akwai likitar jini da nake so ta duba.