Amsa ga mai tambaya kan bin yadi mai adon shenil da keken ɗinki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin sami fallen yadi mai zanen furanni, kin bi gefen furannin da adon shenil, wato adon nan mai gashi buzu-buzu da ake ɗinkawa a kan yadi, yanzu kuma kina so ki haɗa shi da auduga da shafi ki bi da keke ya zama ɗan bargo. Amma ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi a wajen allura, tana kama gashin adon, ɗinki yana tsallake, shafin kuma yana tattarewa ta baya. Kina tambaya ko ki farke adon ki sake daga farko.

Kada ki farke tukuna. Akwai gyara. Sai dai ki riƙe wannan don gaba: shenil shi ake sawa a ƙarshe. A fara haɗa hawa ukun, a gama bin su da keke yadi yana shimfiɗe sumul, sannan a ɗora adon. Ɗinkin da zai riƙe adon ma ya ratsa har shafi, kin ga ya zama ƙarin layi mai riƙe audugar. Tun da na koma yin haka ban ƙara kokawa da gashi a ƙarƙashin allura ba. To amma naki ya riga ya hau, don haka mu yi maganar yadda za ki zauna lafiya da shi.

Ki fara duba wane iri ne a hannunki, domin iri biyu ne kuma halinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda yake zuwa da gashinsa buzu-buzu, igiya ce da aka murɗa zare biyu a tsakiyarta suka danne gajerun gashin. Akwai kuma wanda yake zuwa a shimfiɗe, siririn ƙyalle mai faɗin santimita 1 zuwa 1.5, an yanka shi a karkace, wato bayas, a kan digiri 45. Shi wannan ana bin tsakiyarsa da ɗinki miƙe, ba ya tashi sai ya sha ruwa an goge shi da buroshi. Yankan karkacen ne ya sa yake fashewa ya yi laushi maimakon ya riƙa zubar da dogayen zare. Idan naki na biyun ne kuma ba ki wanke ba, kin yi sa'a. Kada ruwa ya taɓa shi, kada ki fesa masa tururin guga, sai kin gama komai har da naɗe baki. A shimfiɗe keke zai hau kansa ba gardama. Amma da kika ce ƙafa na kama gashi, ina zaton na farkon ne, ko kuwa kin riga kin tayar da shi.

Tattarewar shafi ba laifin shenil ba ne, daga wurin haɗi take. Ki yanka shafi da auduga su fi saman da kamar santimita 5 zuwa 8 ta kowane gefe. Ki goge shafin, ki shimfiɗa shi fuska ƙasa a kan tebur, ki manne gefunansa da salatif na takarda, ya miƙe amma ba a ja shi har ya ɗame ba, don idan ya ɗame da kin cire salatif zai koma ya tattaro saman. Ki ɗora auduga, ki ɗora fallen, ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sai fil mai makulli, kowane santimita 10, kamar faɗin tafin hannu. Kusa da adon ki ƙara yawansu, domin ɗinkin da kika riƙe shi da shi ya riga ya ɗan ja yadin, wurin yana da ɗan kumburi. Idan za ki goge saman kafin haɗi, ki kifa shi a kan tawul mai kauri ki goge ta baya. Dutsen guga in ya hau gashin kai tsaye zai kwantar da shi, in na roba ne ma ya narkar.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: irin waɗannan fallayen sau da yawa zanen bai zauna daidai da saƙar yadin ba. Ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon ya bambanta, ki kama kusurwoyin da suka fi gajarta ki ja a hankali har su daidaita. Bayan an ɗinke babu sauran wannan dama.

Yanzu keken. Allura sabuwa, lamba 90/14. Tsallaken ɗinki da kike gani yawanci abu biyu ne ke kawo shi: allura ta dakushe, ko kuwa ƙafa ta hau kan adon ta ɗage, yadi ya rasa mai danne shi. Idan allura ta tashi sai yadin ya biyo ta sama, zaren sama bai yi ɗan lanƙwasar da ƙugiyar ƙasa za ta cafka ba, shi ke nan an tsallake. Tsawon ɗinki ki kai shi milimita 3, ko 3.5 in audugar mai kauri ce. Ƙananan ɗinki a hawa uku jan yadi suke yi, kuma farke su azaba ne.

In kina da ƙafa mai tafiya, wadda take da nata haƙoran a sama suna jan yadi tare da haƙoran ƙasa, ita ce ta dogayen layuka. Haƙoran ƙasa shafi kawai suke ja, ƙafar da aka saba kuwa tura saman take yi gaba, shi ya sa kike tarar da ninki a ƙarshen layi. In babu ita, ki sassauta ƙarfin dannewar ƙafa, a yawancin tsofaffin kekuna wata 'yar ƙusa ce a saman kan keken da ake murɗawa. Ki rage gudu, ki ɗora hannu biyu hagu da dama na allura kina shimfiɗa yadin, ba ja ba.

Inda aikin yake shi ne gefen adon, kuma a nan ƙafa mai tafiya ta yi faɗi. Ni ƙafar zif nake sawa. Siririya ce, allura tana sauka ta gefenta, don haka tana bin gindin adon ba tare da ta hau shi ba. Da hannun hagu ki riƙe wani abu mai tsini, ko da bayan abin farke ɗinki ne, kina kwantar da gashin gefe guda yayin da allura ke tahowa. Santimita uku, huɗu, ki tsaya allura a ciki, ki sake kwantar da na gaba. Za ki ga gindin igiyar ya bayyana, tare da ɗinkin da kika riƙe ta da shi, nan kusa za ki bi, kamar milimita 3 daga gare shi. Da kin wuce gashin zai dawo ya rufe layin. Shi ya sa ba na damuwa in layin ya ɗan karkace a nan, babu mai gani. In hannu ya gaji, ki kwantar da gashin ki manne shi da salatif na takarda, ki ɗinka, ki ɓare a hankali. Ki gwada a ƙyalle tukuna, wani salatif ɗin yana tafiya da gashi.

Tsallaka adon kuwa, ki guje shi iya iyawarki. Ɗinki in ya ratsa shenil yana barin wata 'yar lotsawa a wurin, ya yi kama da tsagar kitso, kuma wanki ba ya mayar da ita. Idan layi ya iso gindin adon, ki yi ƙananan ɗinki huɗu ko biyar ki kulle, ki ɗaga ƙafa, ki tsallaka, ki sake kullewa a ɗaya gefen, daga baya ki yanke zaren da ya haye. In tilas ne sai kin ratsa, ki buɗa gashin biyu, ki ninke wani ƙyalle ki cusa ƙarƙashin bayan ƙafar don ta daidaita da tudun, ki juya keken da hannu.

Ga masu sauke haƙora su yi ɗinkin zagaye da hannu sake: ku sa ƙafa mai rufaffen zobe. Mai buɗaɗɗen baki tana da ƙahonni biyu da suke shiga cikin gashin su fizgo shi. Akwai kuma wata leda da ake sayarwa don aikin surfani, mai narkewa a ruwa, in aka shimfiɗa ta a kan adon ƙafa za ta zame ta wuce. Tana da amfani, amma ni na fi ganin ta dace da inda adon ya yi cunkoso sosai.

Kada ki cika ɗinki. Na sha ganin an bi duk filin da ƙananan zagaye har bargon ya yi tauri, furannin kuma da ba a taɓa ba suka kumbura suka yi jaka. Ledar audugar tana ɗauke da tazarar da aka yarda a bari tsakanin layuka, wata santimita 10, wata har 20 ko 25. Ki bi wannan. Layi ɗaya a gindin adon, wani ya bi sawunsa a nesan santimita 1, sai 'yan layuka cikin ganye da jijiyoyin furen, ya wadatar. Ki fara daga tsakiya ki yi waje, kuma a farkon kowane layi ki jawo zaren ƙasa zuwa sama ki riƙe su biyun, don kada su cukurkuɗe a baya.

Bakin igiyar da kika yanke, ki duba kowanne. Irin mai murɗaɗɗen zare daga nan yake fara zubewa, da murɗin ya saki gashin ya bi. Ki danne kowane baki da zigzag matsattse, ko ki shigar da shi cikin naɗin gefen bargon. In da ɗinki miƙe kika riƙe shi tun farko, ki ja shi kaɗan da yatsa ki gani, sau da yawa allura tana kuskure tsakiyar ta kama gashi kawai. Inda ya ɗago ki bi da zigzag mai faɗin milimita 2 zuwa 3, da zare mai launinsa.

Kafin wanki, ki jiƙa farin ƙyalle ki danna a kan adon, musamman ja ko shuɗi mai duhu. In ya bar launi, ki wanke da ruwan sanyi mai yawa kuma kada ki bar shi a jiƙe a ninke. Audugar asali tana ɗan shiga bayan wankin farko, kamar kashi 3 cikin 100, don haka ɗan yamutsin da za ki gani ba ɓaci ba ne. Sannan ki kwance farantin ƙarƙashin allura ki share, shenil yana zubar da ɓurɓushi fiye da yadda kike zato, kuma in ya taru a haƙora tsallaken zai dawo.

Ki haɗa ɗan gwaji da ragowar yadin da audugar da guntun adon, ki gwada ƙafar zif ɗin a kai. In har yanzu yana tsallake, ki turo hoton bayan ɗinkin da na ƙafar da kike amfani da ita, mu duba tare.